Kaska, Mai Tsaron da Kambu Ya Tsallake

Duk wanda ya saba zuwa zauren atisayen ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando da sassafe, tun masu shara ba su gama goge katakon fili ba, ya san akwai mutum ɗaya da zai tarar zaune a bakin benci yana naɗe yatsunsa da filasta. Biyu daga yatsun hannunsa na dama sun daɗe da karkacewa, don haka sai ya haɗa su ya ɗaure wuri guda. Daga nan ya ja safar gwiwa, ya ɗaure igiyar takalmi, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Idan ya miƙe, ko kallon inda aka tara ƙwallaye ba ya yi. Sai ya ɗan rusuna, ya buɗe hannuwa, ya shiga tafiya a kaikaice daga wannan layi zuwa wancan, ya je ya dawo, ya je ya dawo, takalminsa na ƙara a kan katako har zufa ta jiƙa masa riga. Matar da ke shara a wurin ta gaya mini cewa a satinta na farko ta ɗauka wani abu ne ya ɓace masa yake nema, har ta ajiye tsintsiya ta zo taya shi dubawa.

Wannan shi ne Kaska. Abokan hamayya ne suka laƙaba masa sunan, domin idan ya liƙe wa mutum a fili ba ya sakinsa sai an busa usur. Ya shekara goma sha wani abu yana buga wa ƙungiyarmu wasa a babbar gasar ƙwararru, kuma a makon da ya wuce ya sanar da cewa ya ajiye wasa. Ya tafi ba tare da ya taɓa ɗaga kambun gwarzon mai tsaro ba, ko sau ɗaya. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta wannan.

Ni mai sharhin wasanni ne a rediyo. Ba na cikin masu zaɓen gwaraza, wannan aikin kociyoyi ne da 'yan jaridar da hukumar gasa ta ware. Nawa dai shi ne in buɗe layin waya duk ƙarshen kakar wasa, in bar jama'a su yi ta cacar baki kan wanda ya cancanta. Kambun gwarzon ɗan wasa ba ya wahalar da mu, ana duba wanda ya fi zuba maki a wuce wurin. Na tsaro shi ne mai rigima. Kullum mutane kashi biyu suke. Akwai masu son dogayen nan da ke tsayawa ƙarƙashin kwando su maƙe ƙwallo a sama ta faɗa cikin 'yan kallo. Akwai kuma masu son masu zafin hannu da ke fizge ƙwallo su ruga da ita. Abokin aikina a shirin, wanda tsohon alƙalin wasa ne, yana bayan dogaye. Wani marubucin jarida da muke gayyata yana bayan masu fizge. Sai su yi awa guda suna musu, kowa na kawo adadin ƙwallayen da gwaninsa ya tare ko ya ƙwace. Can dab da za mu rufe shiri, sai wani ya ce, "Af, akwai Kaska ma fa, yana ƙoƙari." Kowa ya ce haka ne, sai a saka talla.

Ba wai ƙiyayya ce ta jawo haka ba. Irin aikinsa ne ba ya shiga ido. Kyamara ƙwallo take bi, mu ma 'yan kallo ita muke bi. Shi kuwa Kaska, idan ya yi aikinsa yadda yake so, ƙwallon ba ta ma isa hannun wanda yake tsaro ba. Mai miƙo ƙwallo zai ɗago kai ya nemi gwaninsu, ya ga an rufe shi ruf, sai ya juya ya ba wani wanda bai kai shi hannu ba. Wancan ya jefa ta kuskure. Babu wanda zai rubuta cewa Kaska ne ya jawo hakan, kuma babu hoton da za a buga.

Wanda ya fi kowa sanin wannan shi ne Maharbi, ɗan wasan wata ƙungiya da ya shafe shekaru yana kan gaba wajen zuba maki a gasar. Na taɓa zama da shi bayan wani wasa, na tambaye shi wane mai tsaro ne ya fi takura masa. Bai ko yi tunani ba.

"Wannan ma tambaya ce?" ya ce. "Ranar da muka fara haɗuwa da Kaska, sai da ya miƙo mini hannu ya tambaye ni mutanen gida. Na ce a raina wannan mai sauƙi ne. Wallahi daga nan ban ƙara shaƙar iska mai daɗi ba sai da aka tashi. Ya san idan na gaji ina goge tafina a wando kafin in yanke hagu. Ni kaina ban san ina yin haka ba sai da ya gaya mini bayan shekaru, yana dariya."

Na ce to ai dole ka ƙi jininsa. Ya girgiza kai. Ya ce a duk karawar da suka yi, Kaska bai taɓa jan rigarsa a ɓoye ba, bai taɓa zagin iyayensa don ya harzuƙa shi ba, bai kuma taɓa saka masa ƙafa a inda zai dira bayan ya yi tsalle ba, abin da wasu ke yi da gangan har su karya mutum. "Idan na faɗi, hannunsa nake fara gani," in ji shi. "Ya ɗaga ni, ya ce sannu, ya ci gaba da hana ni sakat."

A gida ma ba kowa ya fahimci aikin ba. Uwargidan Kaska ta ba ni labarin ranar da surukarta, mahaifiyarsa, ta fara kallon wasansa a talabijin. Tsohuwa ta zauna tana kallo har aka je hutun rabin lokaci. Da ya dawo gida ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta ce, "Zo nan. Yaron nan mai jar riga me ya yi maka? Duk inda ya sa ƙafa kana biye da shi. 'Ya'yan mutane na jefa ƙwallo ana tafa musu, kai ka tsaya tsokana." Ya ce, "Inna, aikin ke nan." Ta ce, "To ka riƙa barinsa ya jefa ko ɗaya, shi ma yana da uwa tana kallo."

Uwargidan ce ta san abin da aikin ke ci. Ta ce firijinsu rabinsa ƙanƙara ce, kuma akwai bokitin da ko yara sun san ba a wanki da shi, na ƙafar babansu ne. Idan yana karyawa, waya na jingine da kofin shayi, yana maimaita daƙiƙa biyar na wasan wanda zai tsare a ƙarshen mako, ya mayar baya, ya sake kallo, har shayin ya huce. Wani lokaci tana magana sai ta ga kafaɗarsa ta motsa gefe guda, ta gane ba ya tare da ita, yana can yana tare wa wani hanya.

Sai kuma Dogo, wanda yanzu kowa ya san shi. Lokacin da aka kawo shi ƙungiyar, tsayi ne kawai da shi da ƙarfi. Duk wanda ya ɗaga ƙwallo, ko da wasa yake masa, Dogo ya yi sama. Kafin ya sauko an zagaye shi, ko kuma ya faɗo kan mutum alƙali ya busa. Sau da yawa laifuffukansa kan cika a fitar da shi tun wasa bai yi nisa ba, har aka fara maganar a sallame shi. Dogo da bakinsa ya gaya mini abin da ya faru. Wata rana bayan atisaye Kaska ya riƙe masa hannu ya kai shi gefen kwando, ya nuna masa wani wuri a katako.

"Ka ga nan? Ka tsaya a nan. Kar ka je neman kowa. Ni zan kawo maka shi."

"Yaya, ta yaya za ka kawo mini shi?"

"Zan rufe masa hannun da ya fi ƙarfi, in bar masa hanya ɗaya. Hanyar nan gabanka take ɓullewa. Idan ka ji na ce yanzu, sai ka tashi. Idan ba ka ji ba, ƙafarka a ƙasa."

Haka suka yi ta yi. Kaska ya koro mutum kamar mai kora akuya zuwa turke, Dogo ya maƙe ƙwallo, zaure ya ɗauki sowa, washegari hoton Dogo a jarida yana sama. Idan ka duba hoton da kyau, a can gefe za ka ga rabin kafaɗar wani mutum. Dogo ya ce har yau idan bai ji muryar nan a bayansa ba, ji yake kamar an kashe fitila.

A kakar wasan da ta ƙare ne lamarin ya fara sauyawa. Ban san dalili ba, wataƙila furfurar da ta fara fito masa a gemu ce ta tuna wa mutane cewa lokaci na tafiya. Kociyoyin wasu ƙungiyoyi suka fara ambaton sunansa a gaban 'yan jarida. Marubucin nan mai son masu fizge ya zo shirinmu ya ce bana kam ƙuri'arsa ta Kaska ce. Har tsohon alƙali, da ba ya sauka daga ra'ayinsa, ya ce zai yi tunani. Kuma kada wani ya ce muku Kaska bai damu da kambun ba. Ya damu. Uwargidansa ta ce a watannin nan yakan ƙara sautin rediyo idan an zo maganar, ya yi kamar gyaran takalmi yake yi.

Ana cikin haka, a wani wasa, wani ƙaton ɗan wasa ya taho da gudu zai kai ƙwallo kwando. Kaska ya riga shi isa, ya dasa ƙafa ya tsaya, kamar yadda ya yi sau ɗaruruwa. Aka yi karo, alƙali ya ba mu ƙwallo, amma gwiwar hagu ta murɗe a ƙarƙashinsa. Ya yi makonni yana jinya. Ƙungiya kuwa da ta rasa shi sai ta shiga shan kashi, har muka gangaro ƙasan tebur.

A gasarmu akwai ƙa'ida: ba a saka ɗan wasa cikin 'yan takarar kambu sai ya buga wani adadi na wasanni, kuma ba a lissafa masa wasa sai ya yi aƙalla minti goma a fili. Da aka zo wasan ƙarshe, saura wasa ɗaya tak Kaska ya cika adadin. Wasan kuma ba na wasa ba ne. Idan muka yi nasara mun tsira, idan muka faɗi ƙungiya ta sauka zuwa ƙaramar gasa, inda rabin 'yan wasa da ma'aikata sai sun nemi wani wurin. Ƙungiyar da za mu kara da ita kuwa ta Maharbi ce.

Mai tausar ƙungiya yana nan lokacin da Koci ya shigo ɗakin tausa ana gobe wasa, ya tarar da Kaska kwance ana murza masa gwiwa. Mai tausar ne ya ba ni labarin. Likita ya riga ya ce zai iya tsayawa, zai iya gudu a miƙe, juyawa ce babu tabbas.

Koci ya ja kujera ya zauna. Ya ce, "Zan saka ka gobe. Minti goma ne. Na yi magana da shugabanni, babu wanda ya ƙi. Ka yi wa ƙungiyar nan abin da ya fi haka."

Kaska ya janye ƙafarsa daga hannun mai tausa. Ya tashi zaune ya ce, "Koci, mu je fili."

Suka fita su uku. Kaska ya ɗauki ƙwallo ya miƙa wa Koci, ya rusuna a gabansa ya buɗe hannuwa. Ya ce, "Ka wuce ni ta hagu. Da gaske fa, kar ka ji tausayina."

Koci mutum ne da ya ba hamsin baya, ga tumbi, rabonsa da wasa tun kafin a haifi Dogo. Ya buga ƙwallo a ƙasa sau biyu, ya yi kamar zai bi dama, ya yanke hagu. Kaska ya tura ƙafa zai bi shi, gwiwa ta ƙi. Koci ya wuce shi salin alin, ya tsinci kansa a ƙarƙashin kwando da ƙwallo a hannu, ya rasa abin da zai yi da ita.

"Ka gani?" in ji Kaska. "Kai ma ka wuce ni. Ina ga Maharbi? Minti goma a hannunsa ai kakar wasa ce guda."

"Shekarunka nawa kana jiran wannan abu," Koci ya ce. "Wataƙila ba za ta sake zuwa ba."

"Na sani. Amma idan aka ba ni kambun tsaro a shekarar da na buɗe ƙofa aka saukar da mu, a ina zan ajiye shi?"

Washegari ina wurin, ina watsa wasan kai tsaye. Kaska na kan benci cikin rigar atisaye. Yaranmu suka fara da kyau, har muka je hutun rabin lokaci da tazarar maki sama da goma. Da aka dawo, daga inda nake zaune na ga Koci ya taka har gabansa ya sunkuya ya yi masa magana. Ba sai an gaya mini abin da ya ce ba: ga tazara, ka shiga yanzu. Kaska ya ɗaga kai ya kalli allon maki, ya kalli Maharbi da ke tsaye yana murza wuya, ya girgiza kai. Ba a jima ba Maharbi ya farka. Ya jefa daga nesa ta shiga, ya sake ta shiga, ya kutsa ya sake zubawa. Tazarar ta riƙa narkewa har ta koma maki biyu. Kaska bai zauna ba daga nan har aka tashi. Yana tsaye da ƙafa ɗaya a bakin layi, yana kiran sunan kowa, yana gaya wa wanda ya maye gurbinsa inda zai tsaya, har muryarsa ta dushe. Ba zan ce muryarsa ce ta ci wasan ba, yaran sun zubar da gumi. A harin ƙarshe Maharbi ya kutsa, Dogo ya jira har lokaci ya yi, ya tashi ya taɓa ƙwallon da ɗan yatsa, ta bugi bakin kwando ta fito. Muka tsira da maki biyu.

Da hukuma ta fitar da sunayen 'yan takara, babu Kaska. Dogo aka ba kambun. A shirinmu na ranar, layin waya bai huta ba. Wani ya ce a soke ƙa'idar. Wani ya ce Kaska ya yi wauta, da ya shiga lokacin da ake da tazara da ya samu duka biyu. Wata mata ta ce masa da ya shiga da yanzu muna ƙaramar gasa kana zaginsa. Tsohon alƙali ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, kuma Dogo ya cancanta, sannan ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ni ma ina ganin Dogo ya cancanta. Abin da na kasa daina tunani shi ne, tsaron da ya fi kowanne girma a kakar nan an yi shi ne daga kan benci, kuma babu inda za a rubuta shi.

Uwargidan Kaska ta ce ranar da aka sanar da wanda ya ci kambun ya kashe waya, ya fita ya wanke mota, ya goge ta, ya sake wanke ta. Da yamma sai ga Dogo ya yi sallama, ya sunkuyo ta ƙofar falo da kambu naɗe a tawul. Ya ajiye a gabansa ya ce, "Yaya, naka ne. Kowa ya sani." Kaska ya ɗauka, ya jujjuya shi, ya karanta rubutun da ke jiki. Ya ce, "Ashe da nauyi." Sannan ya miƙa masa. "Ɗauki abinka. Ka wahala ka samu. In ajiye a nan baƙi su tambaya in ce aro na yi? Zauna a kawo abinci." Ta ce bayan Dogo ya tafi Kaska ya daɗe zaune a wurin.

Makonni kaɗan bayan haka likita ya sake duba gwiwar ya gaya masa gaskiya cewa ba za ta sake ɗaukar wasa ba, shi kuma ya karɓa.

Kaska, kai ne wanda aka riƙa ba mafi wuyar aiki duk mako, ka karɓa ba tare da ka ɓata fuska ba. Kai ne ka tsaya a gaban ƙattai suka buge ka, ka tashi ka koma wurinka. Kai ka mayar da yaron da za a sallama gwarzo, ka tsaya a gefen hotonsa. Kai ne ka so abu shekara da shekaru, aka miƙo maka shi, ka duba abin da zai ci wa wasu ka janye hannu. Kaska mai hana gwani barci, mun gani, ko da mun yi jinkirin faɗa. A madadin 'yan kallo, da mai tausa, da direban bas, da masu sayar da tikiti, da duk wanda zai koma bakin aikinsa a babbar gasa baɗi, muna godiya. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya albarkaci iyali, ya sa abin da ke gaba ya fi na baya.

Ga masu zaɓe, ina roƙo idan baɗi ta zo ku riƙa ɗauke ido daga ƙwallo lokaci zuwa lokaci, ku duba abin da ke faruwa a ɗaya gefen fili. Ga matasan da ke tasowa kuwa, zan bar ku da abin da Koci ya gaya mini da na je gaishe shi. Na same shi a ofis ya yi tagumi. Ya ce ba sayen sabon ɗan wasa ke damunsa ba. Abin da ke damunsa shi ne, kafin wasan farko na sabuwar kaka zai tara yara a ɗakin sauya kaya, ya tambaye su wa zai riƙe gwanin abokan hamayya, tambayar da bai taɓa buƙatar yi ba tun ranar da ya karɓi ƙungiyar. Idan ranar ta zo, kuma ɗakin ya yi shiru kowa na kallon takalminsa, a samu ɗaya daga cikinku ya ce, "Koci, ba ni shi."